Ƙirga Tsinken Ƙafar Keke Kafin Ka Biya Kuɗi

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi hanyar nan da ta tashi daga birnin Kano ta yi yamma, ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo har ta dangana da Gwarzo, in dai da sassafe ne kuma a lokacin kaka, ba zai rasa cin karo da mahaya keke iri uku ba. Da farko zai ga manomi ya ɗaure buhun masara ko na dawa a bayan baƙin kekensa, yana taka feda a hankali ya nufi kasuwa. Sa'an nan zai ga malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ya naɗe ƙafar wando, ya rataya jakar takardu, yana sauri kada a ɗauke littafin sa hannu bai iso ba. Daga ƙarshe kuma ga 'yan makaranta ayari-ayari a kan kekunan nan masu giya da ake shigowa da su na hannu daga ƙasashen waje, wani ma ya goyo abokinsa a baya.

Dukansu hanya ɗaya suke bi, amma ba aiki ɗaya suke sa keken ba. In mutum ya ɗan tsaya a rumfar mai gyaran keke a gindin darbejiya, ya dubi ƙafafun keken da aka kwance aka jingine suna jiran gyara, zai lura da abu biyu. Na ɗaya, yawancinsu ƙafafun baya ne. Na biyu, ciwonsu kusan iri ɗaya ne: ko tsinke ya karye, ko ya saki, ko kuwa ƙafar ta karkace tana gugar birki.

Tsinken da muke magana a kai shi ne siririn ƙarfen nan da ya tashi daga cibiyar ƙafar keke ya tafi ga rim, watau da'irar ƙarfen da taya ke zama a kanta. Masu gyara kan kira shi sifok. Mai sayen keke yakan duba fenti, ya latsa taya, ya kaɗa ƙararrawa, ya ja birki, ya tambayi giya nawa gare shi. Da wuya ka ga wanda ya sunkuya ya ƙirga tsinke. Alhali kuwa yawan tsinken nan, da kaurinsa, da yadda aka ɗaure shi, su ne za su nuna ko keken zai iya aikin da aka saye shi dominsa, ko kuwa zai zama ɗan gidan mai gyara.

Dawowar keke

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Iyayenmu sun san lokacin da mallakar keken Raleigh, wanda asalinsa daga garin Nottingham ta Ingila yake, ta isa ta sa a san mutum a ƙauyensu, har kamfanin ya taɓa kafa masana'antar haɗa kekuna a nan Kano. Daga baya kekunan Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka cika kasuwa. Bayan ƙarin albashin Udoji na shekarun 1974 zuwa 1975, ma'aikata da yawa suka jingine keke suka koma babur da mota, aka bar wa manoma da 'yan makaranta shi.

Sai ga shi zamani ya juyo. Ran 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500, a shekarar 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. Ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a Getso ko Kutama yana aiki a Gwarzo, ko wanda ke zaune a Garo yana aiki a Kabo, ya zauna ya yi lissafin kuɗin mota da na acaɓa, ya ga babu mafita sai ya waiwayi keke. Haka nan uban da ke da 'ya'ya biyu ko uku a sakandaren je-ka-ka-dawo.

To, amma kasuwar da suka tarar ba irin ta da ba ce. A da keke kusan iri ɗaya ne, an ƙera shi domin kaya da mugunyar hanya. Yanzu kuwa ga na tsere, ga na hawan tsauni, ga na yawon shan iska a birane, duk an jera su wuri ɗaya, kowanne da ƙafar da aka yi masa domin wani aiki dabam. Wanda bai san bambancinsu ba sai ya bi kyan gani, ya sayi rigar da ba tasa ba.

Yadda tsinke ke ɗaukar kaya

Abin tambaya a nan shi ne: ƙarfen da bai wuce kaurin milimita 2 ba, wanda yaro zai iya lanƙwasawa da yatsu, yaya aka yi yake ɗaukar ƙato da buhunsa?

Amsa ita ce, tsinken keke ba tokara yake yi ba, ja yake yi. Ƙafar keken doki ta katako irin ta zamanin da, sandunanta tamkar ginshiƙai suke, nauyi na danna su suna tokarewa, shi ya sa tilas su yi kauri. Ƙafar keke kuwa ta fi kama da kalangu. Kowace tsarkiya a ɗaure take tana ja, ba wadda za ta iya tsayawa ita kaɗai, amma haɗuwarsu ce ke riƙe da fatun biyu a miƙe. Haka kowane tsinke ke jan rim zuwa cibiya, na dama na ja, na hagu na ja, har rim ɗin ya tsaya cak a tsakiya. A ƙafar da gwani ya ɗaure sosai, jan da ke kan tsinke guda yakan kai kimanin kilo 100, tun kafin kowa ya hau.

Wannan dabara tana da tarihi. Wani Baturen Ingila, George Cayley, shi ya fara tunaninta a shekarar 1808, sa'ad da yake neman ƙafa marar nauyi domin na'urar tashi sama da yake ƙoƙarin ƙerawa. A 1869 Eugène Meyer ya yi rajistar irin wannan ƙafa domin keke a birnin Paris. A 1874 kuma James Starley na garin Coventry ya fito da saƙar da muke gani yau, inda tsinkaye ke fita daga cibiya a karkace suna gitta juna, domin su iya isar da ƙarfin feda daga cibiya zuwa taya.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Jobst Brandt ya yi bayanin abin da ke faruwa in an hau keke, a cikin littafinsa The Bicycle Wheel na shekarar 1981. In nauyi ya sauka, rim yakan ɗan lotsa a daidai inda taya ta taɓa ƙasa, sai 'yan tsinkayen da ke wurin, kamar guda huɗu ko makamancin haka, su ɗan sassauta. Sauran kuwa jansu ba ya canzawa sai kaɗan. Da zarar ƙafa ta juya, waɗanda suka sassauta su koma yadda suke, na bayansu su karɓa. Muddin sassautawar ba ta cinye jan da aka ɗaure tsinken da shi ba, ƙafa lafiya lau take. Amma in kaya ya yi yawa har tsinke ya saki gaba ɗaya, to, ɗan notin da ke riƙe da shi a jikin rim sai ya fara kwancewa, gwiwar tsinken kuma, watau inda ya lanƙwasa ya shiga cibiya, ta riƙa motsi. Duk yaron da ya taɓa ƙera motar waya ya san yadda ake yanke waya ba tare da almakashi ba: lanƙwasa ta gaba, lanƙwasa ta baya, har ta gaji ta ɓalle. Abin da ke kashe tsinke ke nan, shi ya sa galibi a gwiwa yake karyewa.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ƙafar babban keke mai inci 28 takan ci kimanin mita 2.2 a juyi ɗaya, watau juyi 450 ke nan a kowace kilomita. Ɗalibin da ke tafiyar kilomita 5 zuwa makaranta ya dawo, ƙafar kekensa tana juyi 4,500 a yini. A zangon karatu na mako 13 ta yi juyi sama da 290,000, a shekara kuwa ta doshi 900,000. A kowane juyi sai kowane tsinke ya sassauta ya sake ɗaurewa sau ɗaya. Wanda ya taka daga Kano zuwa Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, ya sa kowane tsinke ya yi haka fiye da sau 30,000 a tafiya guda.

Amfanin yawa

Daga nan amfanin yawan tsinke ya fito fili. Kewayen rim ɗin babban keke ya kai kimanin mita 2. In an raba shi ga tsinke 40, tsakanin kowanne da maƙwabcinsa santimita 5 ne. In 36 ne, santimita 5 da rabi. In 32 ne, ya ɗan haura 6. In 24 ne, ya wuce 8, in kuwa 20 ne, santimita 10 cur. Gwargwadon kusancinsu, gwargwadon yawan waɗanda za su taru su raba nauyi a inda taya ta taɓa ƙasa, gwargwadon kuma ƙarancin wahalar da kowanne zai sha. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amfani na biyu yana bayyana ne ranar da tsautsayi ya auku. In tsinke ɗaya ya karye a ƙafa mai 36 ko 40, ƙafar takan ɗan yi rawa kawai, mai keke ya naɗe karyayyen a jikin na kusa da shi ya lallaɓa zuwa gida. In kuwa a ƙafa mai 20 ne, giɓin da ya bari yana da faɗi, jan da ya tafi da shi kuma yana da yawa, sai rim ya goce gefe har ya cije birki ko ya gogi jikin keke. A cikin birni wannan ɓacin rai ne kawai. Amma a hanyar burji tsakanin ƙauye da ƙauye, ga magariba ta gabato, ko ga jarrabawa da ƙarfe 9 na safe, magana ta wuce ɓacin rai.

Amfani na uku na mai gyara ne. Da ɗan makullin ɗaure tsinke yake miƙar da ƙafar da ta karkace, ya ƙara wa wannan, ya rage wa wancan. In tsinke na da yawa, yana da wuraren kamawa da yawa, gyara ya yi sauƙi. In kaɗan ne, karkatar da ta faɗo tsakanin tsinke biyu ba ta da maganin kirki.

32 a gaba, 40 a baya

Wanda ke da tsohon baƙin keke a gida, ya je ya ƙirga. Sau da yawa zai tarar da 32 a ƙafar gaba, 40 a ƙafar baya. Wannan tsohuwar al'adar maƙeran keken Ingila ce, masana'antun Indiya da na Sin kuma da yawa suka gaje ta a irin wannan keke. A wasu ƙasashen Turai da Amurka kuwa 36 suke sawa gaba da baya. Jimla duka 72 ne, amma rabon Ingilishi ya fi dacewa da gaskiyar aiki, domin ƙafafun biyu ba wahala ɗaya suke sha ba.

Ko ba kaya, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin mahayi da kekensa a ƙafar baya yake sauka. Ita ce kuma ke karɓar ƙarfin feda. In aka zo ga kaya, kariya a daidai samanta take zaune. A ɗauka mahayi kilo 65 ne, kekensa kilo 20, ya ɗora buhun masara mai kimanin kilo 100. Jimla kilo 185, daga ciki kuwa wajen kilo 150 a kan ƙafar baya. Haka lissafin yake ga mai ɗaukar jarka huɗu ta ruwa mai lita 25, ko buhun taki biyu mai kilo 50. Wannan kuma a shimfiɗaɗɗiyar hanya ke nan. In aka faɗa rami ko aka hau gargada, bugun da ƙafar za ta sha ya ninka haka.

Akwai wani abu kuma da masu sha'awar keke mai giya ya kamata su sani. Tarin haƙoran giya yana zaune ne a gefen dama na cibiyar baya, ya cinye wuri. Saboda haka tsinkayen dama sukan tsaya kusan a miƙe kuma a ɗaure tamau, na hagu kuwa su fi kwantawa, jansu kuma ya gaza na dama sosai. Su ne ke fara saki in kaya ya yi yawa. Keke marar giya ba shi da wannan matsala sai 'yar kaɗan, domin ɓangarorinsa biyu kusan daidai suke. Ma'ana, ko da yawan tsinkensu ɗaya ne, ƙafar bayan keke marar giya ta fi jure wa kaya. Bugu da ƙari, in tsinken dama ya karye a keke mai giya, sai an cire haƙoran kafin a sa sabo, wannan kuwa yana bukatar wani makulli na musamman wanda ba kowane mai gyara na ƙauye ke da shi ba.

Dalilin masu tsere

To, in yawa na da wannan amfani, me ya sa kekunan da suka fi tsada a duniya tsinkensu bai wuce 20 ko 24 ba? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ita ke ruɗin matasanmu.

Ɗan tsere abokin gabansa iska ce. Kowane tsinke yana yanka iska yayin da ƙafa ke juyawa, ƙarfin da ake bukata a keta iska kuwa yana hauhawa ne ninki-ba-ninki in gudu ya ƙaru. Wanda ke gudun kilomita 45 a sa'a, ƙarfin da yake kashewa a kan iska ya ninka na mai tafiyar kilomita 15 sau 27. A babbar gasar tseren keke ta ƙasar Faransa, wadda ake kira Tour de France, zakarun 'yan shekarun nan sukan kammala da matsakaicin gudun da ya haura kilomita 40 a sa'a. A irin wannan fage rage tsinke 12 yana iya raba na ɗaya da na biyu. Har ma a shekarar 1984 wani ɗan Italiya, Francesco Moser, ya hau keke mai ƙafafu rufaffu kamar faifai, babu tsinke a fili ko ɗaya, ya yi tafiyar kilomita 51 da 'yan kai cikin sa'a guda a birnin Meziko.

Amma a lura da abin da ke bayan wannan. Rim ɗin keken tsere mai zurfi ne kuma mai tauri, shi ke ɗaukar aikin tsinkayen da aka rage. Kekensu ba ya wuce kilo 7 ko 8, dokar hukumar tseren keke ta duniya ma ta hana ya gaza kilo 6.8. Ɗan tsere mai kilo 70, abin da ke kan ƙafarsa ta baya bai kai kilo 50 ba, watau sulusin abin da manominmu ya ɗora wa tasa. A kan kwalta mai santsi yake gudu, ga kuma mota na biye da shi ɗauke da wasu ƙafafun in ta ɓaci. Kowane fage ma da irin kekensa. A gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar Nijeriya a tseren keke a wannan gasa, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili, domin keken tseren titi ba ya shiga can.

Batun nauyi kuwa, wanda dillalai ke yawan kafa hujja da shi, bai taka kara ya karya ba. Tsinke ɗaya da notinsa kimanin giram 8 ne. Bambancin ƙafa mai 24 da mai 36 bai wuce giram 100 ba, watau nauyin albasa ɗaya matsakaiciya. Ba wanda zai makara aiki saboda albasa ɗaya, amma mutane da yawa sun makara saboda karyayyen tsinke.

Ko a ƙasashen da ake ƙera waɗannan kekuna, in aiki ya yi nauyi tsinke suke ƙarawa. Keken hawan tsauni galibi 28 ne ko 32. Na matafiya masu ɗaukar guzuri su ratsa ƙasashe, 36. Keken da mutum biyu ke tuƙawa tare yakan kai 40 har 48.

Kowa da nasa

Saboda haka ba a cewa wannan adadi shi ya fi kowanne. Abin dubawa shi ne nauyin da za a ɗora, da irin hanyar da za a bi, da nisan mai gyara.

Manomi, da mai tallar kaya kasuwa-kasuwa, da mai ɗebo ruwa ko itace, babu abin da ya fi musu babban keke marar giya mai 40 a baya. In 36 ne, to, ya zama mai kaurin tsinke. Duk da haka, cikakken buhun hatsi kaya ne da ya kai ƙafar keke iyakar ƙarfinta. Raba shi biyu a rataya gefe da gefe ya fi, in an iso kwazazzabo ko rami kuma a sauka a tura.

Ma'aikacin da hanyarsa kwalta ce, kayansa kuma jakar takardu ce da ɗan cefane, 32 gaba da baya ta ishe shi, giya kuma za ta taimake shi a hawa. In mai jiki ne, ko kuwa yakan sauke yaro a makaranta kafin ya wuce ofis, ya nemi 36 a baya.

Ɗalibin da ke fitowa daga ƙauye ta hanyar burji ko yashi, 36 ce tasa. Mun san halin 'yan makaranta, duk gargaɗin da za a yi musu sai sun yi goyo, abokin da aka goya kuwa daidai yake da buhun taki. Uban da ya saya wa ɗansa keken tsere mai tsinke 24 domin ya burge, kuɗin da ya yi tsammanin ya huta da biya na mota zai riƙa kai wa mai gyara.

Mai hawa domin motsa jiki a kan titi, ba kaya ba goyo, shi ne 24 ko 28 ta dace da shi. Kekunan yara ƙanana kuma ba sa bukatar tsinke da yawa, domin ƙaramar ƙafa tsinkayenta kusa da juna suke ko da kaɗan ne.

Kada kuma a manta da 'yan'uwanmu masu lalurar ƙafa, waɗanda ke hawa keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda ake ƙerawa a Kano. Keke mai ƙafa biyu yakan kwanta in zai sha kwana, nauyi ya bi tsawon ƙafar. Mai ƙafa uku ba ya kwantawa, sai nauyi ya tura ƙafar ta gefe, inda ta fi rauni. Masu ƙera irin wannan keke da masu saye domin rabawa, ya kamata su zaɓi ƙafa mai yawan tsinke.

Yawa kaɗai ba ya isa

Sai dai fa kada mai karatu ya ɗauka da ya ƙirga 40 shi ke nan. Ƙafa mai 32 da gwani ya ɗaure daidai ta fi mai 40 da aka ɗaure sakaka. In wasu tsinkayen sun ɗauru tamau wasu kuma suna lilo, to, masu ɗaurin ne kaɗai ke riƙe da rim, sauran sunan tsinke kawai gare su. Ɗaurin da ya wuce kima shi ma ɓarna ne, yana iya tsaga ramin rim ko ya murɗe shi gaba ɗaya.

Kauri ma yana da nasa. Tsinken da aka fi sani mai milimita 2 ne, ana kiransa lamba 14. Akwai lamba 13 mai milimita 2.3, wanda ƙarfensa ya fi na farko da kusan sulusi, da lamba 12 mai milimita 2.6, wanda ya fi shi da kashi biyu cikin uku. Amma mai kauri sai ramin cibiya ya karɓe shi, kuma sai rim ɗin yana da ƙarfin da zai jure jansa. Sa wa siririn rim tsinke irin na babur ba ya mai da shi babur.

Sai irin ƙarfen. Akwai wanda ba ya tsatsa, akwai kuma wanda aka yi wa rufi kawai, wanda in damina ta yi biyu a kansa sai tsatsa ta ci shi, noti ya cije ya ƙi juyawa, ƙafa ta gagari saiti. Ɗigon baƙin mai a kan kowane noti kafin faɗuwar ruwa yana maganin wannan.

Daga ƙarshe, tilas ramukan cibiya su yi daidai da na rim. Akan sami wanda zai haɗa cibiya mai rami 36 da rim mai 32 don abin da ya samu ke nan, ko ya tsallake wasu ramuka don tsinke ya gaza. Irin wannan ƙafa ba ta taɓa zama daidai. Haka nan ƙafar baya dole tsinkayenta su gitta juna, galibi sau 3 a mai 32 ko 36, sau 4 a mai 40. Saƙar da tsinke ke tafiya kai tsaye ba gittawa, ta ƙafar gaba ce kawai.

Abin yi a kasuwa

Ga mai niyyar saye, abin ba ya cin minti biyar. Ya fara daga bakin da ake hura wa taya iska, ya bi rim yana ƙirgawa har ya dawo inda ya fara, ya kuma tabbata ba ramin da ke fayau. Ya ɗaga keken ya juya ƙafar, ya sa ido a tsakanin rim da robar birki, ya ga ko tana rawa. Ya kama tsinke bibbiyu ya matsa, ya ji ko akwai mai laushi. Sa'an nan ya ƙyasta kowanne da farce kamar mai gwada tsarkiyar garaya: na gefe ɗaya ya kamata muryarsu ta zo kusan ɗaya, wanda ya yi ƙaran kwano ya saki ke nan. Ya duba gwiwoyi a jikin cibiya ko akwai tsatsa, ya duba bakin ramukan rim ko akwai tsaga. Kafin ya biya kuma ya tambayi kansa: in wannan tsinke ya karye, zan sami irinsa a Gwarzo ko a Kabo, ko sai na shiga Kano? Akwai masu faɗi kamar reza, akwai marasa gwiwa, waɗanda samunsu a kasuwar ƙauye sai an sha wuya.

Bayan an saya, in sabon keke ne, a mayar wa mai gyara bayan mako biyu ko uku ya sake bin ɗaurin, domin sabon tsinke yakan zauna ya ɗan saki. In ɗaya ya karye a canza shi a ranar, kada a jira na biyu, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuwa suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya, alama ce duk sun gaji, sake saƙa ƙafar gaba ɗaya ya fi araha.

Muna kuma jan hankalin ƙungiyoyin ma'aikata masu sayo kekuna su raba wa 'ya'yansu bashi, da hukumomi da masu hannu da shuni da ke raba wa ɗalibai kekuna, da su riƙa rubuta yawan tsinke da kaurinsa a cikin sharuɗɗan saye, kada su tsaya ga launi da farashi. Malaman kimiyya da na fasaha kuma ga darasi a ƙofar ajinsu, ba sai sun jira kayan gwaji daga Kano ba. Tun shekarar 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 3 ga watan Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya. Da makarantunmu za su gayyato mai gyaran keke na gari a wannan rana, ya nuna wa yara yadda ake ɗaure tsinke da miƙar da ƙafa, da an rage yawan kekunan da ke jingine a zaure, da yawan yaran da ke isa aji bayan an gama darasin farko.

Allah Ya kiyaye hanya, amin.